Da fanka ta tashi, sai karatun zafin ya sauya: kod ne, kafasita ce, ko zanen allon?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum manyanmu. Na zana ƙaramin allon lantarki mai hawa biyu a manhajar KiCad, aikinsa ya auna zafi ya kunna fanka idan ya yi yawa. Wuta bolt 12 ce ke shigowa, ƙaramar buck, wato na'urar rage boltej, mai aiki a 500 kHz tana sauke ta zuwa 3.3, maikrokontrolar STM32 ce mai ADC na bit 12, wato sashen da ke mayar da boltej zuwa lamba. Sensa NTC ce ta 10k, wato rezistar da turjiyarta ke raguwa idan zafi ya ƙaru, na ɗora mata rezista 10k a sama, tsakiyarsu ya tafi ƙafar ADC. Fankar tana jan kamar 300 mA, MOSFET, wato makunnin lantarki, ke kunna ta.

Matsala biyu gare ni. Ta farko, ko fanka na kashe, lambar da ADC ke bayarwa ba ta tsayawa, tana rawa sama da ƙasa da kamar 8. Ta biyu ita ta fi damuna: da fanka ta tashi, nan take lambar ta haura da kusan 20, allon ya ɗauka an yi sanyi, ya kashe fanka, lambar ta koma inda take, ya sake kunnawa. Haka za ta yi ta yi ba tsayawa. Na duba sikimatik, wato zanen haɗin kayan, sama da ƙasa, babu kuskure. Ina zan nufa?

Mai_Kod:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Kada ka yarda da samfur guda ɗaya. Ɗauki 16 ka fitar da matsakaicinsu, hayaniyar za ta ragu ninki huɗu, domin tana raguwa ne da tushen murabba'in yawan samfurin. In ka ɗauki 64, ninki takwas. Sannan ka sa tazara tsakanin inda fanka ke kunnawa da inda take mutuwa, misali ta tashi a digiri 40, kada ta mutu sai ya sauka 37. Layi biyar na kod, ka huta.

Tsohon_Hannu:
Ku masu kod komai aka kawo muku sai ku ce a yi matsakaici. Yaro, ka haɗa giraun, wato hanyar da karent ke bi ya koma tushen wuta, na analog da na dijital wuri ɗaya, shi ne ciwon. Raba su. Na sensa da ADC gefe guda, na fanka da buck gefe guda, su haɗu a ɗigo ɗaya tak kusa da inda wuta ke shigowa. Haka aka koya mana, haka muka yi ta yi, kuma yana aiki.

Malama_PCB:
Kafin a yanka komai, Sabon_Shiga turo mana hoton allon, ba sikimatik ba. Hawan sama da na ƙasa. Sikimatik yana gaya maka me ya haɗu da me, ba ya gaya maka ta ina. Duk alamar GND, wato giraun, da ke kan takarda ɗaya ce a idon manhajar, amma a kan tagulla kowacce tana da nata boltej.

Abin da nake son gani musamman: ƙafar NTC ta ƙasa, da ƙafar sos ta MOSFET, ta wace hanya kowacce ke komawa tushen wuta?

Sabon_Shiga:
Malama ga su nan na ɗora. Ban zuba shimfiɗar tagulla ba, da layuka na ja giraun. Faɗin layin 0.25 mm ne kamar sauran. Daga mashigar wuta ya raba biyu: reshe ɗaya ya tafi maikrokontrola, ɗayan ya bi gefen allo kamar 60 mm, ya taɓa NTC, ya ƙare a MOSFET.

Malama_PCB:
To ga matsalarka ta biyu a fili. Zo mu yi lissafi tare.

Tagullar da aka saba sawa a allo kaurinta maikron 35 ne. Kowane murabba'i nata, ko babba ko ƙarami, turjiyarsa kamar rabin miliom ce. Layinka tsawon 60 mm, faɗin 0.25 mm, ka ga murabba'i 240 ke nan jere. Ka ninka da rabin miliom, ya ba ka om 0.12. Karent ɗin fanka, 0.3 A, dole ya ratsa wannan layin kafin ya koma gida. 0.3 sau 0.12, milibolt 36. Wato duk lokacin da fanka ke juyawa, ƙafar NTC ba a sifili take ba, an ɗaga ta milibolt 36 sama da giraun ɗin da ADC ke auna komai da shi.

ADC ɗinka kuwa yana raba 3.3 gida 4096, kowane taki milibolt 0.8 ke nan. 36 ya kai taki 45.

Ba sai ka yarda da ni ba. Sa maltimita a kan milibolt, tsinke ɗaya a ƙafar NTC ta ƙasa, ɗaya a ƙafar GND ta STM32, ka kunna fanka.

Tsohon_Hannu:
Malama lissafinki ya yi, saura taki ɗaya. Yaron ya ce 20 yake gani, ba 45 ba. Dalili: ba ƙafar NTC ADC ke karantawa ba, tsakiyar rezistocin biyu yake karantawa. Tunda a digiri 25 dukkansu 10k ne, rabin ɗagawar ce kawai ke isa tsakiya. Milibolt 18, taki 22. Ya yi daidai da abin da ya faɗa.

Kuma NTC irin wannan, mai beta, wato lambar da ke nuna yadda zafi ke sauya ta, wajen 3950, turjiyarta na sauyawa da kamar kashi 4.4 cikin ɗari a kowane digiri. A tsakiyar nan hakan ya kai milibolt 36 zuwa 37 a digiri ɗaya. To taki 20 ɗin nan kusan rabin digiri ne na ƙarya. Tunda NTC ce a ƙasa, hawan boltej yana nufin sanyi. Shi ya sa take kashe kanta.

Amma ki lura, kin tabbatar da maganata ne. Karent ɗin fanka ya bi hanyar sensa. A raba su.

Malama_PCB:
Na karɓi gyaran rabin nan, ranka ya daɗe. Batun rabawa kuma ina zuwa.

Mai_Kod:
To ai rabin digiri ne kacal. Tazarar digiri 3 da na ce ta shanye shi ba tare da an taɓa allo ba.

Malama_PCB:
Ta shanye alamar, e. Kuma tazarar nan dole ce ko da allon ba shi da aibi, a nan ina bayanka ɗari bisa ɗari, duk na'urar da ke kunnawa da kashewa a lamba ɗaya sai ta yi wannan rawar. Amma matsakaici ba ya cire milibolt 18 ɗin. Ka tara samfur dubu, duk dubun sun haura da 18, matsakaicinsu ma ya haura da 18. Gobe ya sauya fanka mai jan amp ɗaya, kuskuren ya ninka uku da ɗoriya.

Injiniya_Pawa:
Ni ido na a kan buck ɗin yake, wato matsalar farko. Ɗan'uwa, kafasitar shigarwa ta buck, wadda ke tsakanin VIN, wato ƙafar shigar wuta, da GND, na gan ta can kusa da mashigar wuta. Nisanta da IC ɗin, wato jikin buck ɗin kansa, ya kai nawa?

Sabon_Shiga:
Kamar 25 mm, Injiniya. Na ga tunda layi ɗaya ne ko'ina aka sa ta daidai ne.

Injiniya_Pawa:
Ba daidai ba ne, kuma a buck babu abin da ya kai wannan muhimmanci. Bari in yi maka bayani a tsanake.

A cikin buck akwai zobe guda da karent ɗinsa ba ya gudana sumul. Yana tashi daga kafasitar shigarwa, ya ratsa makunnin sama, ya dawo ta giraun zuwa kafasitar. Sau dubu 500 a daƙiƙa ana kunna shi ana kashe shi, kuma kowane kunnawa cikin 'yan nanosakan yake faruwa. Karent ɗin indakta shi yana hawa yana sauka a hankali, ba shi ne abin tsoro ba. Na kafasitar shigarwa shi ne ake datsewa kwatsam.

Kowane layi yana da indaktans, wato halin ƙin sauyin karent, a ƙiyasi na gaggawa kamar nanohenri ɗaya a kowane milimita. Boltej da ke tasowa a kansa shi ne indaktans sau saurin sauyin karent. Ko mu yi maka rangwame mu ce zoben naka 20 nH ne, karent 0.2 A, a datse shi cikin nanosakan 5: bolt 0.8 ke nan na tsini, a allon da kake neman bambance milibolt 0.8. Ninki dubu. Ba sai duka ya isa ADC ba, kashi ɗaya cikin ɗari ya ishe shi ya ba ka rawar da kake gani.

Maganin wucin gadi: samo kafasitar seramik 10 µF da wata 100 nF, ka liƙa su da dalma kai tsaye a ƙafafun VIN da GND na IC ɗin, ƙaramar ta fi kusa. Ka kula da abu ɗaya, seramik irin X5R da X7R ƙarfinsu na raguwa idan aka ɗora musu boltej. Ƙaramar 10 µF mai iyakar bolt 16, a kan bolt 12, tana iya zubar da fiye da rabin ƙarfinta. Ɗauki mai iyakar 25 ko sama, mai ɗan girman jiki. Takardar bayanan IC ɗin ma kusan kullum tana da zanen yadda ake jera kayan a shafukan ƙarshe, inda mutane ba sa kaiwa. Kwafe shi yadda yake.

Kuma fankar ban ga dayod, wato mai barin karent ya bi ta hanya ɗaya kawai, a kanta ba. Sa ɗaya a juye tsakanin wayoyinta biyu, don MOSFET ɗinka ya yi tsawon rai.

Mai_Kod:
Wannan kuwa hayaniya ce mai rawa, ba tsayayya ba. A nan dai matsakaici zai yi aiki, ko shi ma za ku hana ni?

Ɗan_Eriya:
Zai yi, in ka yi sa'a. Lissafin tushen murabba'in nan na hayaniyar da ba ta da tsari ne. Ta buck tana da tsari, agogo ke kaɗa ta. A ce yana ɗaukar samfur dubu 10 a daƙiƙa. 500 kHz ninki 50 ne cif na wannan, don haka kowane samfur zai faɗo a wuri ɗaya na zagayen buck, hayaniyar ta rikiɗe ta zama tsayayyen kuskure. In agogon buck ya ɗan goce zuwa 500.03 kHz, za ta fito maka kamar igiya mai 30 Hz. Samfur 16 ɗinka milisakan 1.6 kawai suka ɗauka, ba za su ga ko kashi ɗaya cikin goma na zagayenta ba, balle su share ta. Duk abin da ya wuce rabin saurin ɗaukar samfur, in ya riga ya shiga ADC, ya saje da siginar gaske, babu kod ɗin da zai tsince shi. Ƙa'idar Nyquist ke nan. Tacewa kafin ADC ake yi.

Tsohon_Hannu:
Kuma tacewar a nan kusan kyauta ce. Sa 100 nF daga ƙafar ADC zuwa giraun, dab da ƙafar. Rezistocin nan biyu a idon kafasitar 5k ne, don haka matatar za ta fara yanka daga wajen 320 Hz. Zafi ba ya sauyawa sau 320 a daƙiƙa, ba ka rasa komai ba. Tana kuma taimakon 'yar kafasitar da ke cikin ADC ta cika da wuri lokacin ɗaukar samfur.

Abu na biyu, saman rezistar 10k ɗin ya sha daga VDDA, wato inda ADC ke ɗaukar ma'auninsa, ba daga kowane 3.3 da ya fi kusa ba. In wutar ta ɗan motsa, sama da ƙasa su motsa tare, rabon bai sauya ba.

Sabon_Shiga:
Na yi awon da Malama ta ce. Fanka a kashe kusan sifili, a kunne milibolt 34. Na kuma sa osiloskof, wato na'urar nuna siffar boltej, a kan 3.3, na ga tsini har wajen milibolt 400. Wannan bai yi yawa ba?

Injiniya_Pawa:
Da wace wayar giraun ka auna? In doguwar nan ce mai bakin kada, rabin abin da ka gani ita ta kamo shi daga iska. Ita da tsinken sun yi zobe, zoben kuwa eriya ne. Gwada wannan: maƙala bakin kadan a kan tsinken kansa, ka kusanto da shi indakta ba tare da ka taɓa komai ba, za ka ga tsinin nan dai. Cire hular tsinken, sa ɗan gajeren sifirin ɗin da ke zuwa a cikin ledarsa, ka auna a kan ƙafafun kafasitar fitarwa kai tsaye. In rawar wutar kawai kake son gani, kunna iyakar 20 MHz.

Malama_PCB:
Yanzu batun raba giraun, tunda zai sake zana allon kuma kada ya tafi da shawara biyu masu karo da juna.

Ranka ya daɗe, mun yarda a kan ciwon: karent mai yawa ya bi hanyar da sensa ke dogaro da ita. Inda muka rabu shi ne magani. Ni cewa nake ya zuba tagulla a hawan ƙasa gaba ɗaya, shimfiɗa guda ba tsaga, sannan ya raba kayan da wurin zama. Mashigar wuta, buck, MOSFET da mahaɗar fanka su taru a gefe ɗaya kusa da juna. NTC da ƙafafun ADC a ɗaya gefen. Karent ɗin fanka ba shi da abin da zai kai shi unguwar sensa, tunda mafarinsa da makomarsa duk suna gefe guda.

Lissafin ma ya nuna. A shimfiɗa, maimakon murabba'i 240 a jere, tsakanin wuri da wuri bai fi murabba'i ɗaya ko biyu ba. 0.3 A a kan rabin miliom, milibolt 0.15. Bai kai kashi ɗaya cikin biyar na taki guda ba. Daga 36 zuwa 0.15 ba tare da an yanka komai ba.

Tsaga kuwa tana da nata sharrin. A firikwensi na ƙasa karent mai dawowa yana bazuwa ya bi inda turjiya ta fi ƙanƙanta. A na sama yana bin inda indaktans ya fi ƙanƙanta, wato dab ƙarƙashin layin da ya tafi da shi. Ranar da wani layi mai sauri ya tsallaka tsagar nan, kuma sabon mai zane sai ya tsallaka, karent ɗin dawowa zai iske rami, ya zagaya har ɗigon haɗuwar ya dawo. Ka mayar da ƙaramin zobe ƙato.

Ɗan_Eriya:
Mu a ɓangarenmu wannan ƙaton zoben shi ke kayar da allo a ɗakin gwaji. Mutane na duba saurin agogo su ce ai nawa 8 MHz ne kawai. Ba agogon ba ne, kaifin gefen siginar ne. Ka raba 0.35 da lokacin tashi: gefen da ke tashi cikin nanosakan 2 yana ɗauke da ƙarfi har wajen 175 MHz. Gwajin fitar da hayaniya ta iska a ƙa'idoji irin CISPR 32, ko sashe na 15 na dokokin FCC a Amurka, daga 30 MHz yake farawa. In aka samu ɗan bambancin boltej tsakanin ɓangarori biyu na giraun, kuma kowane ɓangare da waya a jikinsa, ta fanka nan, ta sensa can, to ka ƙera eriya mai hannu biyu ba ka sani ba.

Tsohon_Hannu:
Na ji ku, kuma ga allon yaron nan ban ƙi ba, bit 12 ne. Amma kada ku mayar da ita doka. Ku zo wajen ma'aunin nauyi mai ADC na bit 24 da ma'auni bolt 2.5, taki ɗaya bai wuce maikrobolt 0.15 ba. Milibolt 0.15 ɗin da Malama ta raina, a can taki dubu ne. Ga kuma injin da ke jan amp 20 a allo ɗaya. Nan shimfiɗa guda ba ta cece ka ba. Ban da inda wutar gida ke shigowa allo, wanda rabuwa a nan ta kare rai ce, babu muhawara.

Malama_PCB:
Na wutar gida babu mai ja. Na bit 24 kuwa ni ba zan dogara da giraun ba sam, rababbe ko haɗaɗɗe. Layi biyu zan ja daga sensa, kafaɗa da kafaɗa, zuwa ƙafafun ADC mai auna bambanci, giraun ya yi abin da ya ga dama. In kuma amp 20 ne, a ba shi nasa faffaɗan layin komawa kai tsaye zuwa tushe. In ka kira wannan rabawa, to mun haɗu. Abin da nake ƙi shi ne a ga AGND da DGND, wato giraun ɗin analog da na dijital, a jikin IC a zaci umarni ne na yanka allo biyu. Sunayen suna faɗar abin da kowace ƙafa ke riƙe da shi a cikin IC ɗin ne, kuma galibin kamfanonin cewa suke a haɗa su waje ɗaya ta gajeriyar hanya.

Tsohon_Hannu:
Galibi, ba duka ba. Ya karanta takardar tasa.

Sabon_Shiga:
Ga abin da na yi a allon da ke hannu. Na yanke layin giraun tsakanin NTC da reshen fanka, na ja siririyar waya daga ƙafar NTC kai tsaye zuwa GND na STM32. MOSFET kuma na ba shi waya mai kauri zuwa mashigar wuta. Tsallen 20 ɗin nan ya ɓace, yanzu da kyar nake ganin taki ɗaya. Bayan na liƙa kafasitocin a jikin buck da 100 nF a ƙafar ADC, rawar ta sauko zuwa 2. Na sa tazarar digiri 3 da matsakaicin samfur 16 a kod, lambar ta tsaya cak. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Tambaya ta ƙarshe: a sabon zanen in koma hawa huɗu ne? Kuma wani ya ce in sa LDO, wato mai daidaita boltej ba tare da kunnawa da kashewa ba, bayan buck.

Malama_PCB:
Amin. Wannan allon hawa biyu ya ishe shi, da sharaɗin kada ka daddatsa hawan ƙasa da layuka. In dole layi ya sauka ƙasa, ya yi gajere ya koma sama. Amfanin hawa huɗu shi ne shimfiɗar giraun tana matsowa kamar 0.2 mm ƙarƙashin layukan sama maimakon 1.6 mm, zobba su ƙanƙance. Ranar da ka sa USB mai sauri ko rediyo a allo, lokacin ka koma.

Injiniya_Pawa:
LDO ba laifi, amma san abin da take iyawa. Tana danne rawa sosai a firikwensi na ƙasa, ƙarfinta na raguwa yayin da ake hawa, tsinin nanosakan kuwa wucewa yake ta cikinta kusan yadda ya zo. In za ka sa, buck ta ba da 5, LDO ta sauke zuwa 3.3. A 50 mA, miliwat 85 kawai za ta ƙona. Kada ka yi tunanin cire buck ka sa LDO daga 12 kai tsaye: bolt 8.7 sau 100 mA ya kusa wat ɗaya, ƙaramin jiki ba zai ɗauka ba. Ga NTC dai, ferait ɗaya, wato ɗan abin da ke tare hayaniyar firikwensi na sama, da kafasita 1 µF da 100 nF a ƙafar VDDA sun wadatar. Ka dai gwada haɗin a manhajar kwaikwayo ta LTspice tukuna, domin ferait da seramik suna iya yin amo tare a wani firikwensi su ƙara hayaniyar maimakon rage ta. In ka ga tudu a zanen, rezista om 10 a madadin ferait ɗin tana kwantar da shi, muddin abin da VDDA ke ja bai wuce 'yan miliamp ba.

Tsohon_Hannu:
In ka gama jera kayan, kafin ka ja layi ko ɗaya, ɗoro hoton mu gani. Ina son ganin inda za ka ajiye mahaɗar fanka.